Wa ya ƙera wuƙar nan? Tarihin ƙira a ƙasarmu da abin da ke salwanta ranar ciniki

A jikin tambarin Jamhuriyar Nijar, wanda ke kan fasfo da takardun hukuma, akwai rana a tsakiya, da zangarniyar hatsi uku, da kan sa, da mashi tare da takubba biyu a giciye. Haka kuma duk lokacin da aka gama kokowar ƙasa, takobi ake miƙa wa wanda ya kada kowa, tun daga karon farko da aka yi a Tawa a 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya tafi da shi gida. Ke nan ƙasa da kanta ta yarda cewa ƙarfen da aka buga da hannu yana cikin abin da take tinƙaho da shi. Amma yaro zai lissafa maka sarakunan kokowa goma ba tare da ya numfasa ba, in ka ce ya kira sunan maƙeri ɗaya da ya yi suna a garinsu sai ya yi shiru. Laifin ba nasa ba ne, ba a taɓa gaya masa ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne na yanke shawarar sayar da wuƙaƙen da na tara cikin kusan shekara talatin ina aikin koyarwa. Guda 26 ne. Duk inda gwamnati ta tura ni, a Adar, a Gobir, a Damargu, nakan nemi maƙerin garin in ba shi aikin wuƙa ɗaya, in kai wa baduku ya yi mata kube, in rubuta sunayensu da shekarar a cikin kaye. Akwai wuƙar fawa, akwai askar wanzami, akwai wuƙar dukanci, akwai wuƙar damtse irin ta Abzinawa da irin ta Tubawa. Bana ɗiyata ta samu gurbin karatun aikin likita, abin da nake samu kuwa ba zai ɗauki nauyin ba. Da karatun yarinya ya tsaya, gara wuƙaƙe su sauya hannu. Sai dai kafin su tafi ina son malamai ƴan uwana da iyaye su san tsawon hanyar da irin wannan ƙarfe ya biyo, domin gidaje da yawa na da irin nasu a ƙasan akwati, kuma wata rana buƙata za ta ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Ƙira ta girmi sarauta

A farkon shekarun 1970 wasu masu binciken kufai biyu ƴan Faransa, Gérard Quéchon da Jean-Pierre Roset, suka gano kayan ƙarfe da wuraren narkar da tama a duwatsun Termit, gabashin ƙasar nan. Gwajin da aka yi ya kai wasu kayan har wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Masana na gardama a kan mafi tsufan waɗannan shekarun, amma murahun narka tama da aka samu can sun isa su sa Nijar cikin wuraren da aka fi daɗewa ana aikin ƙarfe a Afirka kudu da Sahara. A 2002 hukumar UNESCO ta fitar da littafi kan asalin aikin ƙarfe a Afirka, Termit na cikin ginshiƙansa. A yankin Agadas kuma, Danilo Grébénart ya tono wuraren da aka narka jan ƙarfe ɗaruruwan shekaru kafin Annabi Isa.

Da matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takadda a 1353, wurin da akasarin masana ke ganin shi ne kufan Azelik kusa da Tigiddan Tesum, ya tarar da mutane na narka jan ƙarfe a cikin gidajensu suna zuba shi sanda-sanda. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen hatsi da man shanu da alkama. Ya kuma ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai wannan ƙarfe. Wato shekara kusan 700 da suka wuce, abin da maƙeri ya zuba shi ne kuɗin cefane.

Labaran kafuwar ƙasar Hausa ma ba su manta da maƙeri ba. A labarin Bayajida, kafin ya isa Daura sai da ya biya ta Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita. Mutanen Kano kuma na cewa maƙera ne daga Gaya suka fara zama gindin dutsen Dala, neman tama ya kawo su. Ko mutum ya ɗauki labarin a matsayin tarihi ko a matsayin tatsuniya, abin lura ɗaya ne: waɗanda suka tsara shi sun ga cewa jarumi ba ya aiki sai maƙeri ya gama nasa. Shi ya sa a fadojinmu, daga Maraɗi da Tsibiri har Damagaram, Sarkin Maƙera na da wurin zamansa kamar yadda Sarkin Fawa da Sarkin Aska ke da nasu. Manomi na jiran hauya da gatari, maharbi na jiran kibiya, mahauci na jiran wuƙa, wanzami na jiran aska, barde na jiran takobi da linzami. Duka daga uwar maƙera ɗaya suke fitowa.

A da, kafin a kai ga masaba da awartaki, sai an samo ƙarfen kansa. Da rani maƙera ke fita daji su haƙo tama, su sare ƙirya su yi gawayi, su gina murhun yumɓu, su kwana suna tsaron wuta har ƙarfe ya rabu da kashinsa. Aiki ne na dangi, mai dokoki da abubuwan ƙi. Wata mai bincike, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar a shekarun 1960, ta ɗauki fim ɗin wannan aiki mai suna Noces de feu, wato bikin auren wuta, saboda maƙeran na kallon narka tama kamar aure da haihuwa. Abin da ta ɗauka yana cikin na ƙarshe-ƙarshe. Yau a ƙauyukan Adar za ka ga tulin kashin maƙera a bakin gona, yara na wasa a kai ba su san mene ne ba.

Ruwan daga Jamus, kuben daga gida

Mutane da yawa na zaton duk tsohon takobi daga ƙotarsa har tsininsa aikin gida ne. Tarihi bai nuna haka ba. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya zauna Agadas a watan Oktoba na 1850, ya biyo ta Tasawa, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. A lissafinsa, ruwan takobi wajen 50,000 ne ke shigowa kasuwar Kano a shekara, kusan duka daga garin Solingen na ƙasar Jamus, kowane a kan wuri dubu ɗaya. Fatake ke ɗauko su ta hamada. A nan ake yi musu ƙota da kube da hamila, sannan Abzinawa da Hausawa da Fulani da Barebari su saya.

Wannan bai rage darajar maƙeranmu ba. Ruwan takobi tsirara ba takobi ba ne. Maƙerin fari ne ke yi masa ƙota da adon tagulla da gaci, baduku ya yi kube da jar fata da kore, a daidaita nauyinsa da hannun mai shi. Maƙeran gida kuma sun riƙa buga nasu ruwan, har suna kwaikwayon tambarin Turawa, musamman jinjirin wata biyu da ake gani a jikin takubba da yawa na Abzinawa, domin mai saye ya saba ganin alamar a kan ƙarfe mai kyau. Don haka alamar wata ita kaɗai ba ta tabbatar da cewa ruwan daga Turai ya zo. Ƙananan wuƙaƙe na yau da kullum kuwa, na yanka da na fira da na jima, da taman gida aka fi yin su.

A Damagaram an kai inda ya fi haka. Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, shi ne ya kewaye Birni da ganuwa, kuma a zamaninsa aka riƙa zuba igwa da haɗa albarushi a cikin Zinder. André Salifou ya yi bayanin wannan a littafinsa kan Damagaram da ya fito a 1971. Garin da ke zuba igwa a ƙarni na 19 ba garin da ya rasa masu ilimin ƙarfe ba ne. Amma sunan sarki ne ya iso gare mu. Sunayen waɗanda suka tsaya gaban zugazugi ba su shiga littattafan lakwal ba.

Yadda tama ta mutu, yadda kaya suka fita

Ba doka ce ta kashe narka tama ba, araha ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Motocin da ke kwasar gyaɗa daga Maraɗi da Zinder suka riƙa dawowa da ƙarfen kanti, daga baya su kansu motocin suka tsufa suka zama ƙarfe. Maƙerin da zai samu sifirin na tsohuwar mota a kasuwa ba zai kwashe makonni a daji yana neman tama da gawayi ba. Duk wuƙaƙena 26 da irin wannan ƙarfe aka yi su, kuma ƙarfe ne mai kyau, yana riƙe kaifi. Hannu bai mutu ba, amma rabin ilimin, wato fitar da ƙarfe daga dutse, ya tafi tare da tsofaffi.

Fitar tsofaffin kaya kuma yunwa ce ta buɗe mata ƙofa. A farin 1973 da 1974, makiyayan da dabbobinsu suka ƙare sun taru a sansanin Lazare kusa da Yamai da sauran wurare irinsa. Mutumin da ya rasa garke, abin da ya rage masa shi ne takobinsa da azurfar matarsa. Haka aka sake yi a 1984, shekarar da mutanenmu ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Babu mai zargin wanda ya ba da takobin kakansa ya karɓi buhun hatsi. Rai ya fi ƙarfe. Sai dai takobin ya tafi shi kaɗai, ba sunan mai shi, ba sunan maƙerinsa, ba labarin yaƙin da aka kai shi.

Daga nan ƴan yawon buɗe ido suka yawaita a Agadas da Yamai, aka samu kasuwar abin da ake kira tsohon kaya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin baƙo ya ninka a hannunsa. A tsakiyar shekarun nan ne aka yi wa kufan Bura kaca-kaca, wurin da Boubé Gado ya tona bisa ƙa'ida a 1983, har ta kai ga a shekarar 2000 an sa tukwane da mutum-mutumin Bura cikin jerin kayan Afirka da ake gargaɗin duniya kada ta saya. A ranar 30 ga Yuni 1997 Nijar ta yi doka mai lamba 97-022 don kare kayan tarihi, wadda ta hana fitar da su waje ba da izinin hukuma ba. Bayan tawayen 2007 da satar mutanen Arlit a 2010 baƙin suka ɗauke ƙafa, amma dillalan ba su daina ba, yanzu da salula suke cinikin.

Ga misalin abin da rashin rubutu ke jawowa. A watan Nuwamba na 2019 Faransa ta miƙa wa Senegal takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal, malamin nan da ya zauna Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sojan Faransa suka tafi da shi a ƙarshen ƙarni na 19, ya daɗe a gidan tarihin soja na Paris. Ruwansa ƙirar Faransa ne, ƙota da kube aikin Afirka ta Yamma. Har yau masana na jayayya ko nasa ne da gaske. In takobin da shugabannin ƙasa suka taru a kansa bai tsira daga wannan gardama ba, ina ga wanda ke rataye a ɗakin tsohonka?

Cinikin nawa

Da labarin sayarwar ya fita, wani dillali ya zo ya ce zai kwashe duka a dunƙule, kuɗi hannu. Da na nuna masa kayen da na rubuta sunayen maƙera, sai ya ce ba ya buƙatarsa, hasali ma zai ɓata masa ciniki. Nufinsa ya bar wuƙaƙen su yi tsatsa, ya shafa wa kuben mai da toka, ya ce wa masu saye na zamanin yaƙin Kawusan ne, wato 1916 zuwa 1917. Wuƙar da na tsaya aka buga mini ita a gabana za ta ƙara shekara tamanin a dare ɗaya. Na ce masa Allah ya ba mu alheri. Ƙarya ce ga mai saye, kuma zalunci ne ga maƙerin, domin an ɗauke aikinsa an ba wani da ba a san ko wane ne ba.

Ga yadda na tsara. Ɗaya-ɗaya zan sayar, kowace da takardarta: sunan maƙeri da garinsa, sunan baduku, shekarar da aka yi ta, irin ƙarfen, da aikin da aka yi ta dominsa. Na ɗauki hoton kowace na aje. Inda maƙerin ya rasu kuma ƴaƴansa na nan, su na fara yi wa tayi, a kan kuɗin da za su iya. Gida biyu sun riga sun karɓa. A ɗaya daga ciki babu sauran abin da tsohon ya ƙera, duk an sayar ko sun cinye da washi. Wuƙaƙen fawa mahauta zan ba, don wuƙar da ba ta yanka ta zama ƙarfen banza. Na san kuɗin zai shigo a hankali, kuma wasu za su tafi a ƙasa da abin da dillalin ya ƙiyasta. Na lissafa, zai kai ni inda nake so kafin a koma karatu.

Akwai tsohon takobi ɗaya a gidanmu wanda ba ya cikin lissafin. Na kakanmu ne, ba nawa ni kaɗai ba, magada na da haƙƙi a ciki, kuma irinsa ne dokar 1997 ke magana a kai. Wannan bambanci yana da muhimmanci. Abin da ka saya da kuɗinka a zamaninka halalinka ne. Abin da aka gada tun kaka da kakanni, sai an zauna da dangi. In riƙonsa ya gagara, a fara tuntuɓar gidan tarihi. Muna da na ƙasa a Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, inda har yau masu sana'ar hannu ke aiki a cikin harabarsa. Akwai kuma na jaha a Zinder da Doso.

Ga malamai da iyaye

Na san wasu iyaye za su ce, a zamanin da matasa ke sukar juna a unguwanni, ina amfanin yi wa yara zancen wuƙa? Tsoron na da dalili, kuma ban ce a kawo wuƙa cikin aji ba. Amma yaron da ke ɗaukar wuƙa don faɗa bai taɓa ganin wahalar da ake sha kafin a yi ta ba. A gidajen maƙera da mahauta da wanzamai, inda yaro ke tashi cikin kaifi, nan aka fi tsananta ladabinsa: ba a miƙa ta da tsini, ba a nuna mutum da ita, ba a barinta tsirara.

Ga malami, maƙera aji ce da ba a biyan ko dala. A nemi izinin mai ita, a kai yara rabin yini. Su ga yadda zugazugi ke ƙara wa wuta iska, yadda launin ƙarfe ke gaya wa maƙeri lokacin bugu, da dalilin da ya sa ake tsoma ruwan wuƙa cikin ruwa ko mai don ya yi tauri. Darasin kimiyya ke nan. Su rubuta sunayen kayan aiki da Hausa: uwar maƙera, masaba, awartaki, kurfi, magagari. Su tambayi maƙerin wa ya koya masa, shi kuma wa ya koya wa wancan, har inda ƙwaƙwalwarsa ta tsaya. Darasin tarihi ke nan, kuma sau da yawa jerin zai kai su zamanin da ake narka tama. In akwai tulin kashin maƙera kusa da gari, a je a gani, a bar shi inda yake. Akwai riba ta biyu: ɗan maƙeri da ke cikin ajin, wanda wataƙila yake jin nauyin faɗin sana'ar gidansu, zai ga mushe da kansa ya zauna yana ɗaukar karatu wajen ubansa.

Ga iyaye, aikin bai fi na yamma ɗaya ba. A fito da abin da ke gidan, takobi ne, mashi ne, wuƙa ce, ko tsohuwar hauya, a zauna da mafi tsufa a dangi. Na wane ne? Ina aka samo shi? Wa ya ƙera? A rubuta, a ɗauki muryarsa da salula, a ɗauki hoto, a ba ƴaƴa biyu ko uku su aje. In ranar sayarwa ta zo, takardar ta bi kayan, kwafinta ya zauna gida. Kada a goge tsohon ƙarfe da magagari don ya yi ƙyalli, ɗan mai da tsumma sun isa. Kada kuma a yi cinikin gaggawa da wanda ya ƙi jin sunan maƙeri.

Abu na ƙarshe ya fi duka sauƙi. Layya na zuwa kowace shekara, kowane gida na neman wuƙa. Ta kanti mai ƙyalli na nan da araha, ta dakushe kafin a gama fiɗa. Ta maƙerin unguwa ta ɗan fi tsada, amma za ta ga layya goma in ana wasa ta. Duk wanda ya ba shi aiki ya ba ɗansa dalilin zama ya koya. A tafi da yaro wajen karɓowa, a tambayi sunan maƙerin a gabansa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, tsofaffin da suka san jerin sunayen nan kuwa kullum raguwa suke yi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa albarka a hannun waɗanda suka rage.